Sunan Flegel: mai bugun hatsi ne asalinsa, ko kuwa zagi ne ya zama sunan gida?

Malamin_Tarihi_Yola

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Yola, kuma a wannan zangon muna kan Turawan da suka shigo ƙasar Adamawa kafin mulkin mallaka. Cikinsu akwai Bajamushe Eduard Robert Flegel, wanda ya sauka Legas a 1875 yana yi wa wani kamfanin ciniki na Hamburg aiki, ya hau kogin Binuwai a 1879 cikin jirgin 'yan mishan mai suna Henry Venn, ya je Sakkwato neman takardar izini zamanin Sarkin Musulmi Mu'azu, sannan a 1882 ya kai mafarin Binuwai kusa da Ngaundere. Ya rasu a Brass a 1886.

Ina cikin bayani sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye ni ma'anar sunan nasa. Na ce mata a bari sai gobe, domin ban so in yi mata shaci-faɗi. Da na duba ƙamus na Jamusanci sai na tarar da ma'ana biyu waɗanda ba su yi kama da juna ba: ta farko wani makamin bugun hatsi, ta biyu kuwa mutum mara ladabi, bagidaje. Abin da nake son masana su warware mini shi ne, wace daga cikin biyun ce ta zama sunan gida? In kuwa zagin ne, yaya za a yi zuriya ta riƙe zagi ƙarni bayan ƙarni tana sa hannu da shi a takarda? Kuma sunan yana da yawa a Jamus, ko kuwa ɗaiɗai ne masu shi?

Hajara_Leipzig

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙamus ɗin bai yaudare ka ba, duka ma'anonin biyu suna raye a bakin Jamusawa. Idan suna son a fahimci makamin suke nufi, sukan ce Dreschflegel, wato Flegel na sussuka. Idan kuwa ka ji tsohuwa a cikin jirgin ƙasa ta ce wa saurayin da ya ɗora takalminsa a kan kujera Flegel, to ba maganar noma take yi ba. Har suna da kalmar Flegeljahre, shekarun tashen balaga, lokacin da mu za mu ce ƙuruciya dangin hauka.

Amma wajen sunan gida, abin da ya kamata a duba shi ne wace ma'ana ta riga wata. Kalmar ta samo asali daga Latin, flagellum, ma'ana bulala, kuma tun ƙarshen zamanin Rumawa aka fara kiran makamin bugun hatsi da ita. Ta shiga tsohon Jamusanci a matsayin flegil. Ma'anar zagi kuwa sai wajen ƙarni na 16 ta bayyana a rubuce, lokacin da mutanen birni suka mai da makamin manomi abin yi masa gori. Sunayen gida a ƙasashen Jamusawa sun fara kafuwa ne tun ƙarni na 12 a manyan birane irin su Kolon, suka bazu a hankali, ta yadda zuwa ƙarni na 15 yawancin mutane sun riga sun samu nasu. Ka ga ke nan sunan ya girmi zagin. A nawa ganin, Flegel na farko mutum ne da sana'arsa bugun hatsi, ko kuwa mai sassaƙa makamin yana sayarwa, sai aka laƙaba masa sunan kayan aikinsa.

Ustaz_Kofar_Doka

Allah ya saka da alheri. Ina da ƙarin bayani a kan wannan gida, domin mun ci karo da sunan a darasin tarihin buga Alƙur'ani. Akwai wani malaminsu da ya buga Mus'hafi a Leipzig a 1834, kuma Turawa masu nazarin Musulunci sun daɗe suna aiki da bugunsa, duk da cewa lambobin ayoyinsa sun saɓa wa waɗanda muka sani. Ina kyautata zaton dangi ne da wannan matafiyin.

Hajara_Leipzig

Allah ya gafarta Malam, wanda kake nufi Gustav Flügel ne, wanda aka haifa a Bautzen a 1802 ya rasu a 1870. Shekarar da ka kawo da maganar lambobin ayoyi duk daidai ne, sai dai sunan daban yake. Flügel, da wasalin nan mai ɗigo biyu a ka, ma'anarsa fiffike. Flegel kuma ana jan wasalin farko ne kamar yadda muke jan na kalmar "gero". A kunnenmu sun yi kama, amma a wajen Bajamushe bambancinsu ya kai na "ƙasa" da "ƙusa".

Ustaz_Kofar_Doka

Na karɓi gyara, Malama, kuma na gode. Ashe ɗigo biyu ne suka raba ni da gaskiya.

Manomin_Kadawa

Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma tunda magana ta zo kan bugun hatsi, ina da ta cewa. Na nemi hoton wannan makami na gani. Sanda biyu ce, ɗaya doguwa wadda ake riƙewa, tsawonta ya kusa kai kafaɗar mutum, ɗaya kuma gajera mai kauri da nauyi, an haɗa kawunansu da igiyar fata yadda gajerar za ta riƙa juyawa. Idan aka ɗaga doguwar aka wulwula, sai gajerar ta sauka a kwance a kan zangarniya, ta bugi wuri mai faɗi a lokaci guda.

Mu nan idan mun yanke alkama a ƙarshen rani, kafin injin ya yawaita, shimfiɗa tamfol muke yi mu tara ta a kai, mu kewaye ta da sanduna muna bugu, mata kuma su biyo da sheƙa. Sandarmu guda ɗaya ce, saboda haka dole ka sunkuya, kuma kafin la'asar ƙugunka ya faɗa maka. Wanda ya ƙirƙiro wannan mai gaɓa biyu ya yi tunani, domin a tsaye za ka yi aikin, kuma ƙarfin bugun ba zai dawo maka a wuyan hannu ba. Abin da ya ba ni haushi a bayanin Malama Hajara shi ne jin cewa mutanen birni ne suka mai da sunan makamin zagi. Haka suke a ko'ina. Su ci gurasa su ƙoshi, sannan su kira wanda ya bugo alkamar baƙauye.

Malama_Rabi_Bayoloji

Baba Manomi ya tuna mini da lugude. An ce a can ma idan mutum uku ko huɗu suka haɗu a rumfar sussuka lokacin hunturu, bugun nasu yana tafiya ne da kari, kowa da lokacin da sandarsa za ta sauka, wanda ya kuskure kuwa sai ta haɗu da ta ɗan'uwansa. Haka aka yi ta yi har bayan da Andrew Meikle ya ƙera injin sussuka a Sikotlan wajen 1786, domin injin ya daɗe kafin ya isa ƙananan gonaki.

Ga kuma wani abu da ɗaliban Malam za su ji daɗinsa. Wannan kalma ta flagellum ita ce dai muke koya musu a aji, sunan 'yar wutsiyar nan da wasu ƙwayoyin halitta suke kaɗawa su yi iyo. Bulala ɗaya ce, ta shiga gona ta zama sunan mutum, ta shiga ɗakin gwaje-gwaje ta zama sunan wutsiya.

Issoufou_Konni

Gaisuwa daga Birnin Konni. Mu da muka yi karatu da Faransanci mun san jikar wannan kalma, wato fléau. Ita ma tana nufin makamin bugun hatsi, amma a yau an fi amfani da ita wajen annoba ko bala'i, kamar fari ko ɗango. Abin lura shi ne kowane harshe ya ja kalmar ta wata fuska: Faransawa sun ga azabar bugun, Jamusawa kuma sun ga wanda ke riƙe da sandar. Na kawo wannan ne domin in nuna cewa ba a yanke hukunci a kan tsohon suna da ma'anar da kalma ta ɗauka daga baya, wanda shi ne abin da Malama Hajara ta faɗa tun farko.

Mai_Shakka

Ina neman afuwa, amma ina ganin an yi saurin wanke wannan suna. Hujjar Malama Hajara ta tsaya ne a kan cewa ma'anar zagi ta bayyana a rubuce a ƙarni na 16. To, yaushe aka taɓa rubuta zagi a ranar da aka ƙirƙiro shi? Kalma takan yi shekara ɗari tana yawo a kasuwa da mashaya kafin wani marubuci ya ga ta isa shiga littafi. Idan an rubuta ta a ƙarni na 16, babu mamaki an daɗe ana jifan juna da ita kafin nan, kuma a lokacin akwai ƙauyukan da sunan gida bai gama zama daram ba. A yankin Frisiya ta Gabas da ke arewacin Jamus ma sai da dokar Napoleon ta 1811 ta tilasta wa mutane riƙe suna guda.

Na biyu, tambayar Malam ta ginu ne a kan zaton cewa zuriya ba za ta riƙe mummunan suna ba. Jamusawa kuwa suna da irinsu birjik. Akwai Zorn, ma'ana fushi. Akwai Faul, ma'ana malalaci. Akwai Kahl, mai sanƙo. Ba mai sunan ne ya zaɓa ba, maƙwabta ne suka laƙaba masa, magatakarda ya rubuta a littafin haraji, shi ke nan ya bi 'ya'ya da jikoki. Kuma kada a manta, wannan makami ba a gona kaɗai ya yi aiki ba. Mabiya Jan Hus, wani malamin addinin Kirista, a Bohemiya da ke ƙasar Cek ta yau sun sa masa ƙusoshi sun yaƙi mahaya dawakai da shi tsakanin 1419 da 1434, haka ma manoman Jamus a tawayensu na 1524 zuwa 1525. Mutumin da aka kira da sunan irin wannan abu, ba lallai ne don ƙwazonsa a masussuka ba, yana iya zama don saurin hannunsa.

Hajara_Leipzig

Mai_Shakka, maganarka ta farko tana da nauyi, kuma na yarda rubutu yana bin bayan baki ne. Inda ban bi ka ba shi ne, akwai sunan Drescher, wanda kai tsaye yake nufin mai sussuka, kuma masana sunaye sun daɗe da gane cewa kusan kowace sana'a tana da sunaye iri biyu: na sana'ar kanta da na kayan aikinta. Maƙeri yana iya zama Schmidt, yana iya zama Hammer, wato guduma. Mai ɗinki yana iya zama Schneider, yana iya zama Fingerhut, wato 'yar hular ƙarfen da ake sa wa yatsa. Flegel ya zauna daidai cikin wannan tsari kusa da Drescher. Ban ce babu gidan da ya samo sunan daga halin kakansa ba, na ce dai hanyar sana'a ita ce mai faɗi.

Mai_Shakka

To, mun matso kusa. Ni ma abin da nake gudu shi ne a ce asali ɗaya ne tak. Suna irin wannan yana iya tsirowa a garuruwa goma daban-daban ba tare da masu shi sun san juna ba.

Alhaji_Sani_Fagge

Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma abin nan ba baƙo ba ne a wajenmu. Mu ma muna kiran mutum da abin da yake riƙe da shi ko yake sayarwa: Maigoro, Maiturare, Maishanu, Maikarfe. Muna kiransa da garinsu, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Muna kuma kiransa da siffarsa, Dogo, Jatau, har da waɗanda idan aka fassara su sai a ce cin fuska ne, amma mai sunan yana amsawa hankali kwance. Bambancin kawai shi ne namu yakan mutu da mai shi, ko ya bi 'ya'ya ko jikoki sannan ya ɓace, sai fa yanzu da takardun makaranta da fasfo suka fara daskarar da shi. Na san gidan da jikoki likitoci ne da lauyoyi amma a takarda duk Maigoro suke, alhali rabon gidan da fataucin goro tun kafin a haife su.

Tunda kuwa Flegel ake magana, ku tuna shi ma da Hausawa ya yi tafiyarsa, kuma a 1884 ya tafi Berlin tare da madugai biyu, Madugu Muhamman Mai Gashin Baki da Madugu Ɗan Tambari. Ku dubi sunan na farkon. Da a Jamus aka haife shi shekara 600 da suka wuce, da yau akwai zuriyar Gashinbaki tana sa hannu a banki.

Malamin_Tarihi_Yola

Alhaji, ka taɓo inda nake so. Na bi sunayen sauran Jamusawan da suka ratsa ƙasashenmu sai na ga duk haka suke. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 aka san shi da Abdulkarim, sunansa yana iya fitowa daga kalmar gemu, yana kuma iya zama gutsuren wani sunan yanka. Eduard Vogel, wanda aka kashe a Wadai a 1856, ma'anar sunansa tsuntsu. Gustav Nachtigal, wanda ya kira kansa Idris Effendi, sunan wani tsuntsu ne mai zaƙin murya da ke kuka da dare. Gottlob Adolf Krause, Malam Musa, sunansa yana nufin mai murɗaɗɗen gashi. Wato mun yi ta haddace su a aji kamar wasu manyan kalmomi, ashe Maigemu ne da Tsuntsu da Maisanda.

Amma har yanzu ba a amsa mini tambaya ta uku ba, wato yawan masu sunan.

Hajara_Leipzig

Malam, Jamus ba ta fitar da ƙidayar sunayen gida daga hukuma, saboda haka masu bincike da littafin lambobin tarho suke aiki. Babban kundin taswirar sunaye da Konrad Kunze da Damaris Nübling suka jagoranta, da kuma ƙamus na intanet da ake haɗawa a Mainz, duka sun dogara ne da layukan tarhon gida na shekarar 2005. A wannan lissafi akwai sunaye daban-daban kimanin 850,000 a ƙasar. Müller ne a gaba da layi fiye da 250,000, sai Schmidt, Schneider, Fischer da Weber, kuma dukkansu sunayen sana'a ne. Don a kusanci yawan mutane, akan ninka yawan layukan kusan sau uku, tunda layi ɗaya na gida guda ne. Flegel bai shiga cikin sunaye 100 na farko ba, ko kusa. Lissafinsa na 'yan dubbai ne.

Zan ƙara da abin da na gani da idona. A nan gidajen bene ba su cika sa lambar ɗaki ba, sunan gida ake rubutawa a jikin ƙararrawar ƙofa da akwatin wasiƙa, kuma idan sunanka ba ya wurin, wasiƙarka komawa za ta yi. Lokacin da nake ɗaliba na yi aikin raba takardun talla, na karanta sunayen ƙararrawa har na gaji. Müller da Richter da Lehmann ba sa ƙirguwa. Flegel kuwa sau ɗaya na gan shi, a wani tsohon gida, an rubuta da hannu a guntun takarda an manna da salatif, ruwan sama ya fara wanke tawadar. Na tuna ne domin a makon nan muka koyi kalmar a ajin harshe, har na tsaya ina zaton wani ne ya yi wa mai gidan tsiya ya manna masa.

Injiniya_Bashir

Ina so in ja hankali kafin a ce sunan yana da ƙaranci. Idan sunaye sun kai 850,000, kuma kaɗan daga ciki ne suka kwashe miliyoyin mutane, to mafi yawan sunayen Jamus na gidaje ƙalilan ne, wasu ma gida ɗaya ko biyu. A kan wannan ma'auni, sunan da ke da mutane dubbai ba ya cikin mafiya ƙaranci, yana tsaka-tsaki ne, ko da yake mutum zai iya yin shekaru bai haɗu da mai shi ba. Sannan lissafin tarhon yana da nakasa: wanda bai sa lambarsa a littafi ba bai shiga ba, kuma matasa sun koma wayar hannu, shi ya sa masu binciken suka tsaya a 2005 ba su matsa gaba ba. Shafukan nan da ke ba ka adadin masu suna a duk duniya har da ɗigon ƙarshe, ni ba na ba su amana.

Bappa_Ngaundere

Ina gaishe ku daga garin da Flegel ya zo neman mafarin kogi. Abin da na lura da shi shi ne, mashahuran masu wannan suna guda biyu duk ba a cikin iyakar Jamus ta yau aka haife su ba. Matafiyin namu a Vilnius aka haife shi, babban birnin Lituweniya a yanzu, wanda a lokacin yana ƙarƙashin daular Rasha. Ɗayan kuma Georg Flegel ne, mai zanen hotunan abinci da 'ya'yan itatuwa da kwanuka, wanda aka haifa a Olomouc ta ƙasar Cek a 1566, ya rasu a Frankfurt a 1638. Mutum biyu ba su isa hujja ba, amma suna tuna mana cewa masu jin Jamusanci sun zauna a gabashin Turai ɗaruruwan shekaru. Bayan yaƙin duniya na biyu an kori kimanin miliyan 12 daga Silesiya da Bohemiya da Prusiya ta Gabas da sauran wurare, aka rarraba su a garuruwan da ba su taɓa sani ba. Saboda haka taswirar 2005 tana nuna inda jikoki suka sauka ne, ba lallai inda sunan ya tsiro ba. A ƙasar Cek har yanzu ana samun sa da rubutun Flégl, matar gidan kuma a ce mata Fléglová, bisa ƙa'idar harshensu.

Binta_Pennsylvania

Bari in kawo ɓangaren Amurka, domin a nan ma lissafi yana rikicewa. Jamusawa sun fara zama a wannan jiha ta Pennsylvania tun 1683 da aka kafa Germantown, kuma daga 1727 aka fara ajiye jerin sunayen waɗanda jirage suka sauke a Philadelphia. Magatakardan da ke jin Ingilishi kawai yakan rubuta abin da kunnensa ya ji. Shi ya sa za ka ga Flegal, Flagle, Fleagle da makamantansu a allunan kaburbura da akwatunan wasiƙa. Matsalar ita ce kuskuren da Ustaz ya yi a sama shi ne magatakardan ma suka yi, domin Flegel da Flügel suna iya faɗawa cikin rubutu iri ɗaya, sai an koma takardar coci kafin a san ko kakan mai sanda ne ko mai fiffike. Akwai kuma waɗanda suka biyo ta Rasha, zuriyar waɗanda suka amsa gayyatar zama a Rasha da Sarauniya Catherine ta yi a 1763 da gayyatar da ta biyo baya, daga bisani suka ƙaura zuwa jihohin Dakota da filayen Kanada, kuma a cikinsu ana samun Flegel da rubutunsa na asali.

Injiniya_Bashir

Na sha jin cewa a tsibirin Ellis, inda aka riƙa tantance baƙi masu shiga Amurka, a nan ne jami'ai suka riƙa canza wa baƙi suna.

Binta_Pennsylvania

Labari ne da ya yaɗu, Injiniya, amma masana tarihin ƙaura ba su yarda da shi ba. A 1892 aka buɗe tsibirin, alhali waɗannan rubuce-rubuce sun girme shi da fiye da shekara ɗari. Kuma jami'an wurin ba su rubuta sabon suna, suna duba jerin da kamfanin jirgi ya riga ya rubuto ne tun daga tashar da aka taso. Yawancin canjin ya faru ne a hankali, a coci da kotu da makaranta, wani lokaci ma mai sunan ne da kansa ya sauƙaƙa wa maƙwabtansa.

Ustaz_Kofar_Doka

Tunda na yi kuskure a farko, bari in yi tambaya maimakon in ba da fatawa. Idan sunan ya zama zagi a harshen yau, me ya hana masu shi su canza? Kuma shin duk mai wannan suna ɗan'uwan ɗaya ne, kamar yadda muke cewa wane ɗan gidan wane ne?

Hajara_Leipzig

Canza suna a Jamus ba abu ne mai sauƙi ba, Malam. Tun da aka kafa rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a duk ƙasar a 1876, sannan dokar farar hula ta fara aiki a 1900, har harafin suna ya zama abin da ba a taɓawa sai da izini. Doka tana neman ƙwaƙƙwaran dalili, kuma sunan da ke jawo wa mutum ba'a yana iya zama dalili, amma sai an nema an biya kuɗi an jira. Yawancin mutane ba sa damuwa, domin kunne yakan saba. Wanda ya ji an ce Malam Zorn ba ya tunanin fushi, kamar yadda mu ba ma tunanin goro idan an ce Dakta Maigoro.

Batun dangantaka kuwa, a nan ina tare da Mai_Shakka. Suna ɗaya ba ya tabbatar da jini ɗaya. Mai son ya sani sai ya bi littattafan coci, waɗanda a ɓangaren Katolika aka wajabta ajiye su bayan taron shugabannin coci na Trent a 1563, kuma da yawa sun ƙone a yaƙin shekara 30 na 1618 zuwa 1648. Galibi a nan zaren yake tsinkewa, tun kafin a kai ga mutumin da aka fara laƙaba wa sunan.

Mai_Shakka

Wato ke nan babu wanda zai iya rantsuwa cewa kakan matafiyin Malam mai sussuka ne. Ni dai a nan nake tsaye.

Issoufou_Konni

Babu kuma wanda zai iya rantsuwa cewa fitsararre ne. Idan ana bin rinjaye, sana'a ta fi.

Malamin_Tarihi_Yola

Na gode muku duka. Jiya na koma aji da abin da na tattara, na kuma bi kwatancen Baba Manomin Kadawa na haɗa makamin da ƙotar fartanya da guntun icen darbejiya, sai dai da ban samu igiyar fata ba, na ɗaure su da robar tayar keke. Na ba ɗalibar da ta yi tambayar ra'ayin Malama Hajara da na Mai_Shakka, na ce ta zaɓa ta kawo hujja a rubuce. Da muka fita fili don gwaji, wani yaro mai rawar kai ya fizge makamin tun kafin in gama bayani, ya wulwula shi da ƙarfi, gajerar sandar ta zagayo ta same shi a ƙeya. Bai ji ciwo ba, alhamdu lillahi, amma kafin a tashi makaranta duk ajin Filegal suke ce masa, kuma yau da safe na ji 'yan wani ajin ma sun ɗauka.

Mai_Shakka

Malam, don Allah a tambayar mana su: saboda makamin suka sa masa sunan, ko saboda halinsa?

Malamin_Tarihi_Yola

Na tambaye su a lokacin tara. 'Yan gaban aji sun ce saboda makamin ne, 'yan baya sun ce saboda halinsa ne, shi kuwa yaron ya ce a ƙara masa Alhaji a gaba in dai ana so ya riƙa amsawa.